Sunan Mahaifina a Kan Ƙanƙara

Sanyin bana ya shigo da wuri. Ranar da na fito da safe na tarar gilashin mota ya yi fari, na tsaya ina kankarewa, sai wani tsohon wari ya dawo mini a hanci: warin kayan wasan ɗana na fari idan an shanya su a kan hita, na'urar ɗumama ɗaki. Wari ne na zufa da roba da jiƙaƙƙiyar safa. Shekara goma sha wani abu ke nan, amma duk sanda na tuna shi sai na tuna Martin, kuma da zarar na tuna Martin sai raina ya ɗan sosu, har yau da furfurata.

A lokacin muna Hulme, a Manchester, a wani gidan haya hawa na uku, ni da matata Maman Safiya da yara uku. Shekarun nan ne da gwamnati ta ja zaren aljihunta ta ƙulle. Laburaren unguwa ya koma buɗewa rabin yini, gidan wasan matasa aka garƙama masa kwado, ni kuma aikin da nake yi a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a bayan na gama digirina na uku aka ce babu shi kuma. Na koma wani katafaren sito a bayan gari ina dakon kwalaye. Mutumin da ya yi shekaru yana nazarin ƙasar noma, ga shi yana tura amalanken sabulun wanki. Ban gaya wa kowa a gida ba, su dai sun san Dakta Idrisu yana Ingila.

Damina a wurinmu tana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Ruwan Manchester ba shi da wannan ladabin. Yayyafi ne siriri da ba ya ƙarewa, ya bi ta wuyan riga, ya bi ta ɗinkin takalmi, ya zauna a ƙashi. Rana ta fito a makare, kafin ka gama duban ta ta gudu. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, da alwala ɗaya nake yin su saboda tsoron ruwan famfo. Bangon ɗakin yara ya riƙa yin baƙi don laima, kowace Asabar Maman Safiya ta goge, kafin Laraba ya dawo. Hita ɗaya muke kunnawa, ta falo, ita ma sai yara sun dawo daga makaranta. Sauran ɗakunan kowa ya kwana da suwaita da hula.

Mu gida huɗu ne masu jin Hausa a kusa, har da wani ɗan Kagoro direban bas da iyalinsa. Muka riƙa haɗuwa mu sayi buhun shinkafa da na samobita, mata su raba da kwano a falon mai buhu. Kukar da aka aiko daga gida da ƙaramin cokali ake aunata. Nama ya koma baƙo, sai fukafukin kaza ranar Juma'a. Ba irin yunwar da na sani a ƙauye ba ce, wadda rumbu ke yin ƙasa kafin kaka. Wannan za ka ci da safe ka ƙoshi, amma kafin azahar sanyi ya cinye abin da ka ci, ka ji cikinka yana ƙugi a tsakiyar kwalaye.

A cikin wannan hali ne ɗana na fari ya ɗauko wa kansa hokin ƙanƙara. Makarantarsu ce ta taɓa kai su wani filin ƙanƙara na kansul, wato hukumar gari, a can gefen gari, tun yana ƙarami, shi ke nan ya liƙe. Wasa ne da ake yi da takalmi mai wuƙa a ƙasa, kowa da sandarsa mai lanƙwasa, ana korar wani ɗan faifan roba baƙi zuwa raga, ana bangazar juna kamar babu dangantaka. A garinmu idan aka ce ƙanƙara, masifa ake nufi, wadda ke saukowa da ruwan sama ta kakkarya dawa. Na ga mahaifina ya tsaya a bakin gona bayan ta wuce, yana duban ɓarnar. Ban taɓa zaton jikansa zai nemi abinci a kanta ba.

Wanda ya lura zai ga ban ambaci sunan yaron ba. Ba zan ambata ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. A gidan da na tashi, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. Kunya ce, kuma girmamawa ce. Sunan mahaifina kuwa ko sa'anninsa ba sa faɗarsa gatsal, Malam suke cewa. Uwar yaron 'yar birni ce, ta samu mafita tana ce masa Abba. Ni ko wannan ya yi mini nauyi. Idan ina son sa sai in ce "kai", idan zan yi maganarsa in ce "yaron nan". A wurina babu ɗan da na ɗaga sama kamarsa, shi ya sa bakina ba ya kai wa gare shi.

Sai ga Martin. Shi ne kocin yaran. Dogon Bature ne mai faɗin kafaɗa, hancinsa a karkace, haƙoransa na gaba babu, idan ya yi dariya sai ka ga har ganda. A zamaninsa ƙwararren ɗan wasa ne, da wasan yake ci da sha. Ya buga wa ƙungiyoyi a arewacin Ingila da Sikotilan, har ya yi kaka guda a Jamus. Haƙoran a kan ƙanƙara ya bar su, daga baya gwiwa ta bi su. Da likita ya ce ya isa haka, bai iya komai ba sai ƙanƙara, don haka ya dawo filin da ya fara tun yana yaro. Shi ke wasa wuƙaƙen takalma, shi ke tuƙa motar da ke goge filin, shi ke horar da yara. Labarin nan duk daga bakin yaron nan na ji shi, ba sau ɗaya ba, a kan tuwon da na yi dako na sayo.

Horonsu da sassafe ake yi, lokacin da babu mai son filin. Mu yi sallar asuba, uwarsa ta dama kunun alkamar Turawa, in saɓa ƙatuwar jakar kayan a kafaɗa mu fita cikin yayyafi. Bas biyu muke shiga. A hanya ba ma magana, ba don faɗa ba, haka muka saba. Amma da mun tura ƙofar filin, sai Martin ya ɗago daga nesa ya ƙwala sunan. Sunan mahaifina, wanda ya yanke biyu kamar rake ya jefar da rabi, yana fitowa ta giɓin haƙora yana amsa kuwwa a rufin kwano. Sai in ga fuskar yaron nan ta buɗe. Fuskar da ta zauna kusa da ni a bas biyu a rufe, ita ce ke buɗewa. Ya karɓe jakar daga kafaɗata ko waiwaye babu, ya ruga.

Ni kuma in hau benci in zauna cikin iyaye, sanyi yana tasowa ta katako yana shiga cinya. Duk wanda ya ce maza ba sa kishi bai zauna a bencin nan ba. Ina kallo Martin zai dafa hular kwanon yaron, ya rungumo wuyansa, ya durƙusa da gwiwarsa marar lafiya ya gyara masa igiyar takalmi. Abin da ban taɓa yi ba tun yana zanin goyo, wani ƙato yana yi a gaban jama'a ba ko kunya.

A gida kuwa ba a cewa komai sai "Martin ya ce". Martin ya ce a sha ruwa kaza. Martin ya ce a kwanta da wuri. Ni na yi shekaru ina cewa a kwanta da wuri ba a ji ba. Kayan wasan kuma dole su bushe kafin gobe, don haka su ke samun hitar falo, mu mu zauna a bayansu muna shaƙar wari da guntun ɗumin da suka rage. Takalman ma Martin ne ya samo masa, na wani yaro da ya girme su. Da ya fahimci ba ma cin kowane nama, sai ya riƙa zuwa har shagon Musulmi yana sayo kaza, matarsa ta gasa, ya kawo wa yaron bayan horo. Da mugun mutum ne da na huta, da na san inda zan ajiye shi. Na yi ta neman aibinsa ban samu ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata safiya ya hauro bencin yana ɗingishi ya zauna kusa da ni. Ya ce a shekarunsa na horarwa bai taɓa samun yaro mai ido irin wannan ba, yana ganin inda faifan zai je kafin ya je. Na ce to, madalla. Ya dube ni kamar yana jiran ƙari, ban ƙara ba. Sai ya ce:

"Mista Idris, in ya yi abin kirki ka riƙa kiran sunansa. Duk iyayen nan suna yi. Yana ɗaga kai yana duban nan, na sha ganinsa."

Na ce masa a wurinmu ba a haka. Ya tambayi dalili. Na fara bayani da Turancina na jami'a, amma da na ji yadda maganar ke fita, sai ta zama kamar ina cewa ina jin kunyar a san ɗana ne. Na ga abin da ya fahimta ke nan a idonsa. Ya dafa kafaɗata ya sauka, yana tausayin yaron. Wato ni ne abin a tausaya wa ɗa saboda ni.

Can tsakiyar hunturu labari ya fito cewa kansul za ta rufe filin idan kakar wasa ta ƙare. Iyaye suka yi taro, suka yi ta sa hannu a takardar koke da ɗaga kwalaye a bakin ƙofa cikin ruwa. Na je na tsaya tare da su, amma gaskiya a can ƙasan zuciyata wani abu yana murmushi. Na ce ƙanƙara za ta narke, Martin ya kama gabansa, yaro ya dawo gida ya kama littafi.

Ashe ban san komai ba. Wata Lahadi da rana sai ga Martin a ƙofarmu, ya cire takalmi tun ba a ce ya cire ba. Maman Safiya ta zuba masa tuwon samobita da miyar kuka, ta sa cokalin kuka har biyu saboda baƙo. Ya ci da hannu, ya yaba, ya nemi ƙari. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya samu aikin horar da matasa a wata ƙungiya a Birmingham, kuma yana so ya tafi da yaron. Akwai ɗaki a gidansa, akwai makaranta kusa, akwai masallaci a bakin titi, har ya je ya duba. Ya ce in yaron ya zauna a nan ba fili, shekara guda ta isa ta kashe abin da Allah ya ba shi. Na ce zan yi shawara. Yana fita na ce ba inda za a je.

Uwarsa ta bi ni da lallashi kwana da kwanaki. Ta tuna mini cewa ni ma kawuna ne ya riƙe ni a Zariya na yi karatu, ba a ce an ƙwace ni ba. Na ce kawuna jinina ne. Ta ce, "Malam, ba addininsa kake tsoro ba, ba karatunsa ba. Ka faɗi abin da ke damunka." Ban faɗa ba, ita ma ta sani.

Yaron ne ya tare ni da kansa, muna tsaye a tashar bas ana yayyafi, jakar tana kafaɗata. Shekararsa goma sha shida lokacin, ya kamo ni a tsawo. Da Turancinsu na 'yan Manchester ya yi maganar, idonsa a kan titi.

"Baba, ranar Asabar ne wasan ƙarshe a filin. In ka kira sunana sau ɗaya, in ji da kunnena, zan ce wa Martin ba na zuwa."

Na ce ai ya san dalili, uwarsa ta sha gaya masa. Ya ce ya sani, ya haddace ma. "Amma Safiya kana kiranta. Umar kana kiransa. Ni tun da aka haife ni sunana kai."

Bas ta zo muka shiga. Daga ranar har Asabar ina gwada sunan a sito, a tsakanin kwalaye inda ba kowa. Harafin farko yana fita, sai in ga mahaifina tsaye a bakin gona, sauran ya maƙale.

Ranar Asabar filin ya cika, har da tsofaffin da suka yi wasa a nan suna yara. Numfashin mutane yana tashi kamar hayaƙi. Ana cikin zagaye na ƙarshe yaron nan ya ƙwace faifan daga tsakiya, ya wuce mutum biyu, wani ƙato ya bangaje shi ya faɗi, amma yana faɗuwa ya tura faifan cikin raga. Wuri ya kaure. Yana kwance a kan ƙanƙara ya juyo da kai wajen bencinmu. Ni ya duba, na rantse ni ya duba. Na miƙe tsaye, na cika ƙirji da iska, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne:

"Kai!"

Da ƙarfi na faɗe shi, har matar da ke gabana ta firgita. A daidai lokacin muryar Martin ta taso daga gefen fili da rabin sunan nan nasa, sau uku a jere. Yaron ya kau da kai daga gare ni, ya tashi, ya sulala wajen wanda ya kira shi.

Da bazara ta shigo ni na saɓa jakar har tashar jirgin ƙasa. Na yi masa addu'a, na ce ya riƙe salla. Hitar falo ta zama tamu mu kaɗai a hunturun da ya biyo, kuma ban taɓa jin sanyi irin na shekarar ba. Ban ce na yi laifi ba, har gobe ban ga laifin da na yi ba. Abin da aka koya mini na riƙe. Amma riƙewar ba ta hana ni kwana da Martin a rai ba.

Abin da Martin ya hango ya tabbata. Yaron ya zama ƙwararre, ya yi shekaru yana buga wa ƙungiyoyi ana biyansa, ana rubuta sunan mahaifina cikakke a bayan rigarsa. Duk hirar da aka yi da shi sai ya ce Martin ne ya yi shi, ni kuma in kashe wayar in ce hirar ta yi tsawo. Shi ma ya bar haƙori ɗaya a kan ƙanƙara, sannan kafaɗa ta goce, aka yi aiki ta sake gocewa. Da likita ya ce ya isa haka, Martin ya riga ya tsufa, sai ya miƙa masa usur da yaran. Ya yi aure da wuri, ya zauna a Handsworth, wata unguwa a Birmingham. Muna gaisawa lafiya lau, yana aike, yana zuwa da salla. Maganar tashar bas dai ba wanda ya sake tayar da ita. Da aka haifa masa ɗan fari ya sa masa sunana, na ce Allah ya raya, ban sa komai a raina ba. Uwar jaririn da kowa Khalifa suke ce masa.

Yanzu al'amura sun yi sauƙi. Na koma koyarwa, gidanmu kowane ɗaki da ɗuminsa, kuka kuma a shagon bakin titi ake sayar da ita. Makon jiya, da sanyin nan ya matsa, Maman Safiya ta ce mu je Birmingham mu ga jikan ya fara hawa ƙanƙara. Ban so ba, amma na je. Filin daban ne, amma warin yana nan yadda na san shi, bencin ma haka. Kuma wa zan tarar a kai in ba Martin ba, da sandar dogarawa da bargo a gwiwa, an sa masa haƙoran roba. Ya matsa mini wuri yana murna kamar ya ga ɗan'uwa.

Yara kusan ashirin ne a filin, ƙanana, suna faɗuwa suna tashi. Yaron nan yana tsakiyarsu da usur a wuya, yana ƙwala sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar Martin, da irin dafa kan Martin, har ɗan karkata kafaɗar. Ina kallo tsohon abin yana taso mini. Na ce a raina ko tafiyarsa ba tawa ba ce.

Sai jikana ya taho da gudu, ƙafafu suka rabu, ya zauna daɓas. Ubansa ya juyo. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga ya tsaya. Sannan ya ce, da Hausa, a tsakiyar 'ya'yan Turawa:

"Kai, tashi."

Bai je ya ɗaga shi ba. Ya juya ya kira wata yarinya da sunanta.

Martin ya girgiza kai. Ya ce wannan abu yana ba shi mamaki, kowane yaro a filin yana da suna a bakin ɗana ban da ɗan cikinsa. Ya ce ya yi masa magana ya fi a ƙirga, sai ɗan nawa ya yi dariya kawai ya ce Martin ba zai gane ba. Ya ce ko ni zan yi masa magana, tunda sunana ne yaron yake ɗauke da shi.

Idona ya cika, na kau da kai don kada ya gani. Can ƙasa ɗana ya ɗago kai ya dubi bencin, ya sauke. Na gyara wa Martin bargon da ya zame daga gwiwarsa.

Na ce, "Duk abin da yake yi a kan ƙanƙarar nan kai ka koya masa. Wannan ɗaya ka bar mini."